Yadda Mai Aiki da Fomalin Zai Kare Hantarsa, Mataki-Mataki

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwajin tsoka na asibiti ya san abin da ke faruwa da yankin hanta idan aka jefa shi cikin kwalbar fomalin. Da safe za a kawo shi jajawur, da laushi har yatsa na lotsa shi, amma kafin washegari ya koma ruwan ƙasa, ya yi tauri kamar robar goge rubutu, wuƙa tana yanka shi siriri ba tare da ya dagargaje ba. Sinadarin fomaldehaid da ke cikin ruwan ne yake ɗaure furotin da furotin, kusan yadda jima take mayar da ɗanyar fata abin da ba ya ruɓewa. Wani likita ɗan Jamus mai suna Ferdinand Blum ne ya lura da wannan hali a birnin Farankfot a 1893, bayan ya ga fatar yatsunsa ta yi tauri saboda yawan taɓa ruwan, kuma tun daga lokacin fomalin ya zama abokin aikin masu binciken tsoka a duniya.

Tambayar da sababbin ma'aikata suka fi yi mini ita ce, in har haka yake yi wa matacciyar hanta a kwalba, me yake yi wa rayayyar hantar mai shaƙarsa kullum? Tambayar tana kan hanya, amma amsarta ba ɗaya ba ce ga kowa, domin ta danganta da ƙofar da sinadarin ya bi ya shiga jiki, da yawansa, da kuma halin da ya tarar da hantar a ciki. An tsara wannan jagora domin ma'aikatan ɗakin gwaji, da na mutuware, da ɗaliban likitanci masu fiɗar gawa, da masu ƙyanƙyasar kaji, da kafintoci masu yanka falanki.

Mataki na farko: a san abin da ke cikin jarkar

Fomaldehaid iska ce marar launi mai kaifin wari. Abin da ake sayarwa da sunan fomalin ruwa ne da aka narkar da wannan iska a ciki har kusan kashi 37 cikin 100, sannan yawanci ana ƙara masa metanol kashi 10 zuwa 15 domin kada ya yi gudaji a ƙasan jarka. Wanda ake jiƙa tsoka a ciki, da ake ce wa fomalin mai kashi 10, an sirka shi ne da ruwa har fomaldehaid ɗinsa ya sauko kusan kashi 4. Bambancin nan yana da muhimmanci, domin mai sirkawa daga babbar jarka ya fi kowa shaƙar tururin, kuma metanol ɗin da ke ciki shi ma guba ne da hanta take juya shi ya koma fomaldehaid. Zafi yana ƙara tashin tururin, shi ya sa ɗakin da ake iya zama cikinsa da hunturu yake sa hawaye da bazara.

Ba a asibiti kaɗai ake haɗuwa da shi ba. Yana fita daga gam ɗin da ake manna falanki da allunan garin katako, yana cikin hayaƙin taba da na itacen girki da na maganin sauro na kunnawa, yana kuma cikin wasu mayukan miƙar da gashi, waɗanda suke sakinsa idan aka ɗora musu ƙarfe mai zafi.

Mataki na biyu: a fahimci abin da ƙwayar hanta take yi da shi

Wannan shi ne wurin da ya kamata a tsaya a natsu, domin sauran matakan duk a kansa suka ginu. Jikin ɗan Adam da kansa yana samar da fomaldehaid kullum a cikin ayyukansa na yau da gobe, har ana samun kimanin miligiram 2 zuwa 3 a kowace litar jini ta mai lafiya. Saboda haka jiki ba baƙo ba ne gare shi, yana da tanadin kawar da shi. Da zarar ya shiga ƙwayar halitta, wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna gulutatayon yakan cafke shi, sannan inzayim, wato furotin mai hanzarta sauya sinadarai a jiki, mai suna ADH5 ya juya shi, wani inzayim ɗin kuma ya raba su, gulutatayon ya koma bakin aikinsa, fomaldehaid ya fita a matsayin fomet. Akwai mataimaki na biyu, ALDH2, a cikin maitokondiriya, wato ɗakunan da ƙwaya take samar da kuzari. Fomet kuma ko dai a shigar da shi aikin gina jiki ta hanyar sinadarin folet, ko a ƙone shi ya fita da numfashi, ko ya bi fitsari. Aikin yana da sauri ƙwarai, domin cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi rabin abin da ya shiga jini ya kau. Hanta tana cikin gaɓoɓin da suka fi wadata da gulutatayon da waɗannan inzayim.

Matsala tana farawa ne idan abin da ya shigo ya fi ƙarfin tanadin. Gulutatayon ba fomaldehaid kaɗai yake tarewa ba, shi ne kuma babban mai kashe ɓurɓushin iskar oksijin masu ɓarna da maitokondiriya take fitarwa a kullum. Takura ta farko ke nan: idan fomaldehaid ya shagaltar da shi, sai waɗannan ɓurɓushi su yi yawa, su fara cin kitsen da aka gina bangon ƙwaya da shi, kamar yadda man gyaɗa yake sauya wari idan ya daɗe a buɗe a rana. Masu bincike sukan auna wani sinadari mai suna MDA domin gane girman wannan ɓarna. Binciken da aka yi da ƙwayoyin hantar ɓera da aka ware ya nuna cewa idan aka rage musu gulutatayon tukuna, ko aka toshe inzayim ɗin, ɗan fomaldehaid kaɗan ya isa ya kashe su.

Takura ta biyu tana kan furotin. Kowane furotin yana da irin naɗinsa, kuma sai da wannan naɗi yake aiki. Fomaldehaid yana ɗaure sassan da bai kamata su haɗu ba, sai furotin ya cukurkuɗe. Ƙwaya tana da martani a kan haka: takan rage ƙera sabon furotin, ta ƙara samar da masu gyaran naɗi, ta tura waɗanda suka lalace wurin niƙewa. Hanta kuwa masana'antar furotin ce, ita ke ƙera albumin da sinadaran daskarar da jini, don haka irin wannan cunkoso ya fi yi mata nauyi. Idan gyaran ya ci tura, maitokondiriya takan ɓule, ƙwayar ta bi tsarin kashe kanta, ko ta fashe ta zubar da abin cikinta a jini, wanda shi ne ake gani a gwaji a matsayin hauhawar inzayim ɗin hanta masu suna ALT da AST.

Takura ta uku, wadda ta fi daɗewa kafin ta bayyana, ita ce ɗaure furotin a jikin DNA, abin da yake tare hanyar kwafar bayanan gado. A 2015 masu bincike a Kambirij ta Ingila suka buga sakamakon gwajin ɓerayen da aka cire musu ADH5 tare da wani sashe na gyaran DNA mai suna FANCD2. Ba a ba su fomalin ko ɗigo ba, fomaldehaid na jikinsu kawai ya lalata musu ɓargo, ya taɓa ƙoda da hanta, ya kuma kai wasunsu ga sankarar jini. A 2020 kuma aka bayyana wata cutar gado a yara a Japan waɗanda ADH5 da ALDH2 ɗinsu duka ba sa aiki yadda ya kamata. Wannan ya tabbatar da cewa kariyar da aka bayyana a sama ita ce katanga tsakanin ƙwaya da wannan sinadari.

Mataki na uku: a gane ta wace ƙofa yake shigowa

A nan zan faɗi abin da wasu masu rubutu kan tsallake domin ya rage wa labari zafi. Fomaldehaid da aka shaƙa yawancinsa ba ya isa hanta. Saboda saurin narkewarsa a danshi da saurin maƙalewarsa, hanci da maƙogwaro ne suke shanye shi. A wani gwaji da aka buga a 1985, mutane sun shaƙi iska mai fomaldehaid kashi 1.9 cikin miliyan na tsawon minti 40, kuma yawansa a jininsu bai tashi ba. A 2010 wasu masu bincike a Amurka suka shaƙa wa ɓeraye fomaldehaid mai alama ta musamman domin su bi sawunsa, suka same shi manne da DNA a hanci, ba su same shi a hanta ba. Gaskiya ne akwai gwaje-gwajen dabbobi da suka nuna raguwar gulutatayon da hauhawar ALT, amma da yawansu ta allurar ciki aka ba da sinadarin, ko da yawan da ya zarce na wurin aiki nesa ba kusa ba.

Wannan ba izinin sakaci ba ne. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya fomaldehaid a rukuni na 1 na masu jawo sankara a 2004 saboda sankarar bayan hanci, sannan a 2009 ta ƙara da sankarar jini. Abin nufi shi ne mai shaƙa ya fara jin tsoron hancinsa da idonsa da huhunsa, ita kuwa hanta babbar ƙofarta baki ce. Abin da aka haɗiye yana bi ta jijiyar da ke kwaso jini daga hanji ya sauka kai tsaye a hanta. An ruwaito cewa kimanin mililita 30 na fomalin mai kashi 37, wato cokali biyu na cin abinci, ya kashe babban mutum, ta hanyar ƙone ciki, da taruwar asid a jini, da gazawar ƙoda da hanta.

Shi ya sa doka ta farko a wurina ba ta safar hannu ba ce, ta mazubi ce. Na taɓa aiki a wani asibiti inda ake zuba tsokar da aka ciro daga tiyata a gorar ruwan sha da aka yanke wa baki, ko a kwalbar lemo, a miƙa wa 'yan uwan majiyyaci su kai ɗakin gwaji. Wata rana na tarar da gorar ruwa cike da fomalin garai-garai, babu rubutu, a gefen tagar da masu shara suke ajiye abincinsu. Ido ba ya bambanta shi da ruwa, kuma mai jin ƙishirwa ba ya tsayawa sunsuna gora. Kada a taɓa zuba fomalin a mazubin abin sha, kowane mazubi a rubuta masa suna da ƙarfinsa da ranar sirkawa, kuma kada a ci, ko a sha, ko a tauna goro a ɗakin da ake aiki da shi. Ta wannan ƙofa ce kuma jama'ar gari suke shiga haɗari, domin hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan masu amfani da fomalin wajen hana nama da kaji da kifi lalacewa. Kifin da ya yi tauri kamar roba, ba ya ƙarni, ƙuda ba ya sauka a kansa duk da ya wuni a rana, abin a bar wa mai shi ne.

Mataki na huɗu: a rage tururin tun daga tushensa

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade kashi 0.75 cikin miliyan a matsayin matsakaicin awa 8, da kashi 2 cikin miliyan na minti 15. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2010 ta sa miligiram 0.1 a kowace kubik mita ta iska, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, ga cikin gidaje. Inda ake da na'urar awo, a auna a daidai hancin ma'aikaci lokacin da aiki ya fi zafi, ba a tsakiyar ɗaki da sassafe ba. Inda babu, hawaye da ƙaiƙayin maƙogwaro shaida ce cewa an wuce gona da iri, sai dai rashinsu ba shaidar lafiya ba ce, domin hancin tsohon ma'aikaci yakan saba har ya daina jin warin da ke korar baƙo.

Duk sirki da juyi a yi su cikin akwatin zuƙe tururi. In babu shi, a sa fankar zuƙa a bango daidai tsayin tebur ta bayan abin da ake yankawa, ta yadda iska za ta taso daga bayan ma'aikaci ta wuce gabansa ta fita waje. Fankar sama ba ta fitar da komai, juya tururin kawai take yi tana raba wa kowa. Ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda na'urar sanyaya ɗaki ya fi haɗari, tunda iska ɗaya ce take kewayawa. A rufe kowace kwalba da zarar an ciro abin da ke ciki, a ɗauraye babbar tsoka da ruwan famfo kafin a fara yanka, kada kuma a bar audugar da ta jiƙe a buɗaɗɗen kwandon shara, domin ita ma mazubi ce marar murfi. Babbar jarka a ajiye ta a inuwa, a ƙasa, nesa da wuta, nesa da ruwan bilic da asid.

Masu ƙyanƙyasa da suke turara ƙwai da ɗaki su tuna cewa fomalin ake zubawa a kan garin sinadarin fotashiyam famanganet, ba a juya tsarin ba, a cikin mazubi mai zurfi da ke jure zafi, domin haɗin yana tafasa nan take. A zuba, a fita, a rufe, kada a koma sai an buɗe ɗakin iska ta ratsa shi sosai. Kafinta kuma ya yi yankan falanki a rumfa, ya bar sabon kabad ya sha iska kwanaki kafin a kai shi ɗakin amarya.

Mataki na biyar: kayan kariya

Safar hannu ta naitiril ko ta butil ita ce ta dace, ta roba mai laushi da ake duba marasa lafiya da ita ba ta daɗewa fomalin yake ratsa ta. A sa gilashin ido mai rufe gefe da rigar leda. Takunkumin tiyata ba ya tare iskar fomaldehaid ko kaɗan, haka ma na ƙura; sai takunkumi mai gwangwanin tacewa da aka yi musamman domin wannan sinadari, shi ma ana canza gwangwanin a kan lokaci.

Mataki na shida: kada a zubar da ajiyar hanta

Tunda gulutatayon ne jarin ƙwayar hanta, duk abin da ke cinye shi yana rage mata abin tarar baƙo. Farasitamol yana kan gaba: hanta tana juya wani kaso nasa ya zama guba, gulutatayon ne kuma yake kashe gubar. Ma'aikacin da tururi ke sa wa ciwon kai kullum, yana korawa da ƙwaya biyu safe da rana da dare, yana maganin alama ne ya bar dalili. Babba mai lafiya kada ya wuce giram 4 a yini, mai ciwon hanta kuwa sai abin da likita ya ce. Giya tana rage gulutatayon, tana kuma gogayya da fomaldehaid a kan ALDH2. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su ma kaya ne a kan kaya, musamman waɗanda ake tallatawa da sunan wankin hanta.

A ƙasashenmu akwai nauyi biyu da suka fi fomalin cin hanta. Na farko ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu sosai a Afirka ta Yamma kuma yakan zauna shekaru ba alama. Duk mai wannan aiki ya yi gwajinsa, in ba shi da shi ya karɓi rigakafi allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Na biyu gubar afulatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, wadda haɗuwarta da nau'in B take ninka haɗarin sankarar hanta. Game da abinci, jiki da kansa yake ƙera gulutatayon daga furotin, don haka ƙwai da wake da kifi, tare da ganye irin su zogale da alayyafo masu folet, sun wadatar ba sai an sayi ƙwayoyi masu tsada ba.

Mataki na bakwai: gwaji da ajiye sakamako

A yi gwajin aikin hanta tun kafin a fara aikin, wato ALT da AST da ALP da bilirubin da albumin, tare da ƙidayar ƙwayoyin jini, a ajiye takardar, sannan a maimaita duk shekara. Amfanin na farkon shi ne ya zama ma'auni, domin lamba ɗaya ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an gwada ta da ta baya. Yawancin ɗakunan gwaji suna sa iyakar ALT a wajen 40, amma kowane yana da tasa. In ta hau, kada a yi saurin ɗora wa fomalin. A fara duba nau'in B da C, da kitsen hanta, da magungunan da ake sha, a kuma faɗa wa likita irin aikin da ake yi. Awon fomet a fitsari ba abin dogaro ba ne wajen gane yawan shaƙa, tunda abinci ma yana sauya shi. Shawara a ido, fitsari mai duhu kamar shayi, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, ko yawan haɓo da toshewar hanci ta gefe ɗaya, ba sa jiran gwajin shekara.

Mataki na takwas: idan tsautsayi ya auku

In ya fantsama a ido, a buɗe idon a ƙarƙashin ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 kafin a nufi likita, ko da zafin ya lafa, domin lahanin yakan bayyana daga baya. In a fata ne, a tuɓe rigar da ta jiƙe, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu. In ya zube a ƙasa, a fitar da mutane, a buɗe tagogi, mai cikakken kayan kariya ya tare shi da yashi ko abin tsotsewa, ya kwashe a mazubi mai murfi. Babbar zuba ba aikin mai shara da tsumma ba ce. Wanda tururi ya shaƙe a fitar da shi iska, in numfashinsa yana fito ko ƙirjinsa ya ɗaure a kai shi asibiti.

In an haɗiya, kada a sa mutum amai, domin abin da ya ƙone maƙogwaro da saukarsa zai sake ƙone shi da hawowarsa. Kada a ɗura masa manja ko wani jiƙo, kada kuma a jira a ga abin da hali zai yi. A kurkure bakinsa, a garzaya da shi asibiti tare da jarkar ko takardar jikinta, a faɗi lokacin da ya sha da kimanin abin da ya sha. Likitoci za su auna asid ɗin jini, su ba da bakabonet in ya hau, su duba ƙunar ciki da na'urar leƙe, su yi maganin metanol in akwai shi a haɗin, kuma wani lokaci sai an kai ga wankin jini domin fitar da fomet. Za su ci gaba da bin ALT da AST da aikin ƙoda da daskarewar jini na kwanaki, domin lahanin hanta ba ya nuna kansa a awannin farko.